Me ke mayar da mu kallon soyayyar kyaftin ɗin Koriya ta Arewa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare na gama kallon Crash Landing on You karo na uku, kuma tun asuba nake tambayar kaina abin da ke mayar da ni. Na san inda za a yi harbi, na san wanda zai mutu, na san yadda za a ƙare. Amma duk ranar da na ji zuciyata ta yi nauyi, shi nake lalubowa a waya.

Ga waɗanda ba su gani ba, shiri ne na Koriya ta Kudu mai kashi 16. Tashar tvN ta nuna shi daga Disamba 2019 zuwa Fabrairu 2020, Netflix ta kai shi sauran duniya. Yoon Se-ri 'yar wani hamshaƙin attajiri ce a Seoul, tana da kamfaninta na kayan sawa da na kwalliya. Ta hau lemar shawagi don gwada sabon kayan kamfanin, guguwa ta taso ta kwashe ta, ta wayi gari rataye a bishiya a ɓangaren Koriya ta Arewa. Wanda ya tsince ta kyaftin ɗin soja ne, Ri Jeong-hyeok. Daga baya ya ɓoye ta a gidansa a ƙauyen sojoji, yana neman hanyar mayar da ita gida, alhali in aka gane, shi da sojojin da ke ƙarƙashinsa duk sun shiga uku.

Ni dai kyandir ne ya kama ni. Tun farkon zuwanta ta ba shi sautun kayan wanka, har da kyandir mai ƙamshi irin wanda ta saba kunnawa a gidanta. Shi bai san da wani kyandir mai ƙamshi ba, sai ya kawo mata irin wanda ake kunnawa in an ɗauke wuta. Nan ta fashe da kuka, don a lokacin ne ta gane inda ta faɗo. Bai ce mata ta yi haƙuri ba, bai yi mata wa'azi ba. Kashe kyandir ɗin ya yi don ta yi kukanta ba wanda ke kallon fuskarta. Kwanaki suka wuce. Ran nan ta bi matan ƙauyen kasuwa, duhu ya yi, babu wuta, ta ɓace musu a cunkoso. Ita kuwa yarinya ce da matar ubanta ta taɓa bari ita kaɗai a bakin teku, don haka ɓata a duhu ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Tana tsaye tana rarraba ido sai ta hango ɗan haske sama da kawunan mutane. Shi ne ya ɗaga hannu da kyandir don ta gan shi. Da ta iso, abin da ya fara gaya mata shi ne wannan karon mai ƙamshin ne.

Mutum ya riƙe ƙaramar maganar da ke kanki kin manta kin faɗa. Ina ganin abin da nake komawa nema ke nan. Ku fa?

Ummu Khalil:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, don Allah a riƙa sanarwa kafin a fasa ƙwai, ni yanzu nake kashi na 7. Jiya na kwana a inda ta fasa hawa jirgi ta tsaya ta ba shi jini.

Maman Ilham:
Yi haƙuri ƙanwata. Gara ki fita daga nan ki dawo in kin gama, don na san mutanen gidan nan, sai sun kai ƙarshe.

Zainabu Abu:
Ni kofin ne. Ta kwana da ciwon kai, ya tashi da sassafe ya zuba ɗanyen kofi a tukunyar ƙarfe yana juyawa a kan wuta har ya gasu, ya niƙa, ya tace mata. A garin da ba injin komai. Da taliyar da ya murza da hannunsa ranar farko. Sannan tumatir ɗin da ta ba shi ta ce ya riƙa gaya wa shukar kalmomi goma masu daɗi kullum, ya yi kamar bai ji ba, da dare ya yi sai ga babban soja a tsugune gaban tumatir yana ƙirga kalmomi.

Abban Sadiq:
Salam. Ku yi mini afuwa, ni zan zo da abin da ba za ku so ji ba. Mai ɗakina ta kalli shirin nan, ni ma na zauna na ga da yawa daga ciki, don haka ba da ka nake magana ba.

Kuna ta yabon kula da haƙurin kyaftin, amma kun tsallake ɗan wane ne. Ubansa shi ne shugaban sashen siyasa na rundunar sojan ƙasar baki ɗaya, cikin mutanen da ake ƙirgawa da yatsu a Pyongyang, babban birnin ƙasar. Ranar da aka zo binciken gida-gida aka zaƙulo ta a ramin ajiyar abinci, da me ya iso ya cece ta? Da motar manya, wadda lambarta kaɗai ke sa a buɗe hanya. Waje aka tura shi karatun kiɗan fiyano, Suwizalan. Duk sanda ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sunan uba ne ke fid da shi. To wannan ba labarin talakan soja mai kirki ba ne. Ɗan sarki ne aka sa wa rigar dogari.

Abin da ke damuna shi ne mace ta gama kallon wannan, ta juyo ta dubi mijinta da ya wuni a rana a kasuwa ya dawo ƙafa duk ƙura, ya kawo cefane da kyar, ta ga bai iya soyayya ba. An gina mutumin da babu shi, an ba shi kyau da tsawo da kuɗi da gata da lokaci, an ce ku auna mu da shi. Sannan kowane kashi ya haura awa ɗaya. Ku lissafa sau 16, ku sake lissafawa sau uku.

Maman Ilham:
Abban Sadiq, maganar uban gaskiya ce, ban musa ba. Ni ma ranar da aka bayyana ko shi ɗan wane ne na ɗan ji babu daɗi, na so a ce an bar shi ɗan talaka. Amma duba abin da muka lissafa a sama, ni da Zainabu. Babu wadda ta ambaci mota. Kyandir, kofi, taliya, tumatir. Nawa ne kuɗinsu? Ita Se-ri ta fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, a gidan ubanta babu abin da ba a iya saya mata, amma yayyenta maza murna suka yi da ta ɓace don kujerar kamfani ta dawo hannunsu. Ba ta taɓa samun wanda zai tambaye ta ko ta ci abinci ba sai a wannan ƙauyen da babu wuta.

Mai gidana ma a rana yake wuni, kuma wallahi ban taɓa raina cefanensa ba. Abin da nake cewa, mace ta ce kanta na ciwo da safe, in miji ya dawo da magariba ya ce "ya kan naki?", to ya gama da ita. Wannan ba ya buƙatar uba a Pyongyang.

Hajiya Mairo:
Sannunku yara. Jikata ce ta sa mini shirin nan a babbar waya, tana karanta mini rubutun da ke ƙasa tana fassarawa, muka yi sati uku muna kallo bayan isha.

Abban Sadiq, ɗana, wannan ƙorafin naka na ji shi tun ana kallon Indiya a bidiyon kaset a gidan maƙwabta. Na sake jin sa lokacin da 'yan mata suka fara hayar littattafan soyayya suna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Kullum cewa ake za a ɓata mata da dogon buri. Wasu sun ɓacin, ba na ƙaryatawa. Amma mafi yawa mun san bambancin allo da tsakar gida.

Marigayi Alhaji bai taɓa ce mini yana sona ba, shekara 34. Kunya ba za ta bar shi ba, ni ma da ya faɗa da na rasa inda zan sa kaina. Amma ya san ba na son tsire mai kitse. In ya sayo na gida, nawa daban yake zuwa a ƙunshe a takarda, zalla tsoka, ya tura ƙarƙashin filo ba tare da ya ce komai ba, sai ƙamshin ƙuli ya gaya mini. Da na ga yaron nan yana juya kofi a tukunya bai ce uffan ba, Alhaji na gani. Jikata ta tsayar da fim ɗin ta ce Hajiya lafiya, na ce mata ci gaba kawai.

Zainabu Abu:
Allah ya jiƙan Alhaji, Hajiya. Ya sa aljanna ce makoma.

Abban Sadiq:
Amin. Allah ya gafarta masa, Hajiya. Na ji, kuma na ɗauka. Sai dai ki lura, shi Alhaji ba a fim ya koya ba.

Hajiya Mairo:
Haka ne ɗana. Ni ma ba koyo na je yi ba, tunawa na yi.

Malam Ɗanjuma:
Salamu alaikum. Ni tarihi nake koyarwa a sakandare, bari in shigo ta wata ƙofar. Damuwata ba ta aure ba ce.

Layin nan da kuke gani a shirin ba ƙirƙira ba ne. An raba Koriya biyu a 1945 bayan an ci Japan da yaƙi. Yaƙi ya ɓarke tsakanin ɓangarorin a 1950, aka tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli 1953, kuma har yau ba a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba. Tsakaninsu akwai zirin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 250 da faɗin kilomita 4, cike da nakiyoyi da waya mai ƙaya. Mutanen da layin ya raba da iyayensu da 'ya'yansu ba su da damar waya ko wasiƙa. Sama da mutum 130,000 a Kudu suka yi rajistar neman ganin danginsu, fiye da rabinsu sun rasu ba su gani ba. Haɗuwar ƙarshe da aka shirya a dutsen Kumgang aka yi ta a Agusta 2018, tsofaffi 'yan shekara tamanin da casa'in suka ga juna na 'yan kwanaki, aka sake sa su a motoci.

To a kan wannan raunin aka gina labarin sanyaya rai. Ƙauyen da aka nuna mana yana da tsabta, mata na raha, yara na tafiya makaranta a jere suna waƙa. Ina yunwar shekarun 1990 da ta kashe ɗimbin jama'a? Ina sansanonin da ake kai iyali sukutum saboda laifin mutum ɗaya? A ƙarshen 2020 ma ƙasar ta kafa doka mai tsanani a kan kallon fina-finan Kudu. Ma'ana irin yaron nan Ju-meok da ke ɓuya a bakin aiki yana kallon shirye-shiryen Kudu muna dariya, a zahiri kansa yake sa wa a gungume. Ko a Kudun ma wata jam'iyya ta kai ƙarar tashar a farkon 2020 cewa shirin yana ƙawata sojan Arewa. Ina jin nauyin in ji daɗin abin da na san an yayyafa masa sukari.

Nafisa Kaduna:
Malam, Allah ya ƙara basira, na ƙaru sosai. Amma ina ganin ba a ɓoye komai da komai ba. Akwai mutumin nan Man-bok da aikinsa shi ne ya zauna a ɗaki da na'ura a kunne yana sauraren hirar mutane, har matarsa da ɗansa ana ƙyamarsu a gari saboda shi. Akwai binciken gida da tsakar dare, ana taɓa tukunyar dafa shinkafa a ji ko da ɗumi don ta Kudu ce. Akwai yaran da ke yawo a kasuwa ba iyaye suna neman abin da za su ci. Akwai matar babban jami'in da aka kama mijinta, gari ya guje ta, sai ƙawayenta suka riƙa lallaɓowa da dare da abinci da itace.

Kuma a cikin waɗanda suka taya marubuciyar, Park Ji-eun, aiki akwai Kwak Moon-wan, ɗan Arewa ne da ya yi aiki a rundunar da ke tsaron masu mulkin ƙasar kafin ya tsere a 2004. Shi ya sa ƙananan abubuwan suka zauna, irin ajiye nama a cikin gishiri saboda babu firji, da yadda 'yan kasuwa ke ɓoye kayan shafe-shafen Kudu a ƙarƙashin tebur sai sun yarda da kai su ɗaga zane.

Ni kafin shirin nan in aka ce Koriya ta Arewa, makami mai linzami da faretin soja kawai nake gani a labarai. Ban taɓa kawowa a raina akwai matan da ke haɗuwa su yi aikin abincin ajiya tare, suna gulma, suna neman gindin zama a wurin matar babba don a ƙara wa mazansu girma ba. Wallahi kamar matan barikin da na taso a ciki.

Malam Ɗanjuma:
Wannan gaskiya ne Nafisa, kuma mayar da su mutane a idon duniya ba ƙaramin aiki ba ne. Inda nake tsayawa shi ne, an ɗora duk muguntar a kan mutum ɗaya, jami'in tsaron nan Cho Cheol-gang. In ya mutu sai mai kallo ya ji an huta. Alhali shi ɗan ƙaramin reshe ne.

Nafisa Kaduna:
To ai bayan ya mutu ba a huta ba, Malam. Layin yana nan, shi ya raba su.

Anti Bilki:
Ni tawa maganar ta tarbiyya ce, kuma ina cikin masu son shirin, kada a ce ƙiyayya ce. Akwai shan giya da yawa. In an yi murna a sha, in an yi baƙin ciki a sha, har ana nuna shi kamar shi ne maganin damuwa. Sannan duk yadda aka kai ga gyara zancen, namiji da mace ne da ba muharramai ba a gida ɗaya. Ni ba na kallo da yarana, kuma 'yata mai shekara 15 na ce mata ba yanzu ba. Don Allah iyaye kada mu ce ai na Koriya masu kunya ne mu sake baki.

Amma in faɗi gaskiya, kunyar ce ta sa na iya kallo har ƙarshe. Ana yin kashi da yawa hannu ma bai taɓa hannu ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, to su a fuskar suke aikinsu. Sannan kashi 16 ne an rufe. Na taɓa bin wani na Indiya shekara biyu, aka kashe jarumin aka dawo da shi da wata fuskar, aka aurar da jarumar sau uku, na haƙura ban ga ƙarshe ba. Wannan kuwa sun san inda za su tun ranar da suka tashi.

Ummi Sakkwato:
Ban cika magana a gidan nan ba, amma yau zan yi.

A asibiti na kalle shi, lokacin da nake jinyar Innarmu. Wata biyu a kan tabarma a gefen gado. Wanda ya yi jinya ya san dare ne abin tsoro. Da rana akwai 'yan dubiya, akwai zirga-zirgar karɓo magani da kai jini gwaji. Da dare kuwa daga ke sai ƙarar numfashinta da digar ruwan da aka sa mata. In na yi sallah na yi addu'a na karanta abin da ya sawwaƙa, barci ya ƙi zuwa, sai tunani ya fara kai ni inda ba na so. Wata mai jinya a gadon kusa da mu ce ta tura mini shi a waya. Kullum kashi ɗaya, kunne ɗaya da abin ji, ɗayan a buɗe saboda Inna.

Akwai inda jirgin ƙasa ya tsaya da su a tsakiyar daji a hanyar Pyongyang saboda an ɗauke wuta, aka ce sai an yi awanni. Ba wanda ya tada hankali. Mutanen ƙauye suka rugo da tallan ruwa da itace da masara, fasinjoji suka sauko kowa ya hura wuta. Ita tana ganin wani da bargo sai ta ce tana so, ya tashi ya nemo. Ta ga ana gasa masara, ya tashi ya nemo. Suka zauna a bakin wuta har ta yi barci. Na maimaita wurin nan ban san adadi ba. Mu ma a ɗakin nan haka muke, jirginmu ya tsaya ba mu san ranar tashi ba, wannan ta miƙo ruwan zafi a fulas, waccan ta riƙe miki mara lafiya ki je ki yi wanka.

Inna ta rasu a watan azumi. Ban ce fim ya ɗauke mini komai ba. Awa ɗaya dai a kowane dare kaina yana hutawa, in wayi gari da ƙarfin juya ta da wanke ta. Abban Sadiq ya ce a lissafa awannin. Na lissafa, Yaya, kuma ban yi da-na-sanin ko ɗaya ba.

Abban Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ki ladan jinya, ƙanwata. Ban yi maganata da irinki a raina ba.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta mata, Ummi. Ya sa jinyar ta zama kaffara.

Sadiya Gombe:
Amin ya Allah. Ummu Khalil in kina nan rufe idonki, zan taɓo ƙarshe.

Ni fa har yau ban yarda a kira shi mai daɗin ƙarshe ba. Sati biyu a shekara a Suwizalan, shi ke nan abin da suka samu. Ba aure, ba gida ɗaya, ba 'ya'ya, sauran sati hamsin kowa na ƙasarsa ko waya babu. Wace macen za ta karɓi wannan? Sannan Seo Dan. Yarinyar nan shekara da shekaru tana jiran kyaftin ɗin, wanda aka yi mata baiko da shi, bai taɓa kallonta da idon so ba. Da ta samu Seung-jun mai sonta da gaske, sai aka harbe shi a wurin cetonta, ya cika a motar asibiti tana riƙe da shi. Kwana biyu na yi ina jin haushin marubuciyar. An kashe na biyun ne don a biya kuɗin daɗin na farkon.

Zainabu Abu:
Na Seo Dan ya yi ciwo, ban da abin cewa. Amma na manyan, ya kike so a yi? In ya gudu Kudu, uwarsa da ubansa ne za su biya da ransu, ga shi wansa ya riga ya mutu, shi kaɗai ya rage musu. In ita ta koma Arewa, ta zama fursuna. Da an ɗaura musu aure a Seoul an yi biki, da Malam Ɗanjuma ya fi kowa gaskiya, da ya zama tatsuniya zalla. Ni saƙonnin da ya tsara a waya lokacin da ya bi ta Kudu, kafin a mayar da shi Arewa, suna shigo mata ɗaya bayan ɗaya har shekara, yana tuna mata ta ci abinci, ta fita ta sha iska, ta shayar da shukar da ya bar mata, sun fi mini biki.

Sadiya Gombe:
Saƙon shekara ɗaya ne fa, Zainabu. Ya ƙare.

Rabi Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina gaishe ku. Ni kau wanga zance na sati biyu ban gan shi kaɗan ba, bari in gaya muku dalili.

Ni 'yar Katsina ce aure ya kai ni Maraɗi. Da in na yi kewar tsohuwata, in hau mota da hantsi in bi ta Ɗan Isa da Jibiya, a gidanmu nake sallar azahar. Ban taɓa ɗaukar iyakar nan a bakin komai ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe ta, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A tsakanin nan ƙanwata ta haihu, aka yi suna ban je ba. Tsohuwa ta kwanta ciwo ta tashi ban je ba. Akwai masu bi ta daji a babur, mai gidana ya ce da tsohon ciki ba zan hau ba, kuma gaskiyarsa. Ga kuran, wato wutar lantarki, babu, don ita ma an yanke, sai in kai waya caji wurin mai sola in dawo in kira gida.

A lokacin na kalli shirin. Wurin da ya rako ta cikin dare har bakin layi, ya ce daga nan ba ya iya ƙara taku ɗaya, ta juya ta fara tafiya tana kuka, sai ya tsallako ya ce taku ɗaya dai ba zai zama komai ba. Na aje wayar na yi kuka mai isata. Ni ina da waya ina jin muryar uwata kullum, wata bakwai da 'yan kai ne kawai, amma na ji kamar raina zai fita. Sai na tuna tsofaffin da Malam ya ambata, shekara saba'in. Ana cewa garin masoyi ba ya nisa. Yana yi, in aka sa soja a tsakani.

Don haka Sadiya, da a watannin nan wani ya ce mini ga sati biyu ki je ki ga tsohuwa ki dawo, da hannu biyu zan karɓa.

Sadiya Gombe:
Allah sarki Anti Rabi. Na fahimce ki. Amma na Seo Dan dai ban yafe ba.

Rabi Maraɗi:
Wannan ni ma ban yafe ba.

Nafisa Kaduna:
Ga abin da zai ɗan sanyaya muku rai. Su jaruman biyu, Hyun Bin da Son Ye-jin, sun yi aure da gaske ranar 31 ga Maris 2022, kuma sun samu ɗa namiji a ƙarshen shekarar. Kuma ba mu kaɗai abin ya kama ba. Kashin ƙarshe ya samu kaso 21.7 cikin 100 na masu kallo a Koriya, wanda a lokacin babu shirin tvN da ya taɓa kaiwa nan. Ɗan dandamalin katakon nan na bakin tafki inda ya kaɗa fiyano, a wani ƙaramin ƙauye yake a Suwizalan mai suna Iseltwald, mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne. Masu zuwa ɗaukar hoto suka yi musu yawa har a 2023 aka sa ƙofa, sai ka biya faran 5, kuɗin Suwizalan, kafin ka taka.

Abban Sadiq:
To kun gani, an dawo kan kuɗi. Mutanen ƙauyen ma sun gane kasuwa ce. Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan abu ɗaya: a riƙa tuna cewa ƙwararru ne suka zauna suka auna inda za a sa kiɗa da inda za a kawo hawaye, don a sayar. Ban ce kada a kalla ba.

Hajiya Mairo:
Mai tsiren ma sayarwa yake yi, ɗana, kuma da gangan yake barbaɗa yajin.

Malam Ɗanjuma:
Rabi, in kin yarda zan karanta wa ɗalibaina abin da kika rubuta ranar da za mu yi darasin raba Koriya, ba tare da sunanki ba. Shekara da shekaru ina zana musu layin a allo suna kwafa, ban ga ya shige su ba.

Rabi Maraɗi:
Na yarda Malam. Ka ƙara musu da cewa yarinyar da aka yi sunanta ban je ba, sunana aka sa mata. Ranar da na fara ganinta har ta fara zama.

Ummu Khalil:
Na dawo. Ban karanta komai ba, da gudu na wuce ƙasa. Yanzu na gama kashi na 9, ya tsallaka layin. Don Allah wani ya gaya mini abu ɗaya kawai, yaran nan sojoji huɗu, ƙaramin cikinsu mai kewar uwarsa, ba abin da zai same shi ko?

Maman Ilham:
Ba abin da zai same shi, ƙanwata. Je ki ci gaba.